Mu 'yan gidan Kanawa na Mirya

Ɗan uwa ka tambaye ni wai mu da kakanninmu suka baro Kano suka zauna ƙasar Damagaram, Kanawa muke ɗaukar kanmu ko mun zama 'yan Nijar. To wallahi a nan ba haka ake tambayar ba, abin da za a fara ce maka shi ne ɗan gidan wa ne kai, in ka faɗi gidanku shi ke nan an gama saninka.

Kakana bafatake ne, goro da turmin atamfa yake kawowa ta hanyar Daura ya ƙetaro iyaka a Ɗan Barto, ya fara sauka a Zango cikin Zinder, unguwar da dama can ta fatake ce, Birni kuwa ta sarki ce da fadawansa tun zamanin Sarki Tanimu da ya kewaye ta da ganuwa. Daga baya ya yi aure a Mirya, wani ɗan gari gabas da Zinder, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a mota, can aka haifi babana can aka haife ni. Har yau gidan Kanawa ake ce wa gidanmu, alhali ni sai da na shekara 19 na fara taka Kano, kuma ina sauka a tasha na buɗe baki aka ce ga ɗan Nijar, don na ce lakwal maimakon makaranta, na yi lissafin kuɗi da dala da jika irin na sefa.

Abin da nake so ka gane, ni Mirya ce ta rene ni, ba iyayena kaɗai ba. Ina tuna wata rana ina ɗan shekara bakwai ko takwas na wuce majalisar dattijai a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar masallaci da gudu ban gaishe su ba, ban ma cire takalmi ba, kafin in isa gida labari ya riga ni, Inna kakata tana zaune tana dama fura a ƙwarya, ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce koma ka gaishe su. Na koma na durƙusa na bi su ɗaya bayan ɗaya, Baba ina wuni, Baba ina gajiya, sai ɗayansu ya kama kunnena a hankali ya ce jikan Bakano ba ya wuce mutane kamar iska. Yau ina aiki cikin Zinder, ina da 'ya'ya huɗu, amma har yanzu in na hango tsoho zaune sai na ji ƙafata ta rage sauri da kanta.

Kwano ɗaya muke ci da 'ya'yan baffanni da almajirin gidan, kuma yaro bai isa ya fara kai hannu kan nama ba. Da asuba allo, da hantsi lakwal wajen mushe, wato malamin boko, a koyi Faransanci, ranar Lahadi kuwa kasuwa, ni ke riƙe wa Inna kwando tana zaɓen tukunya, tana ƙwanƙwasa ta da yatsa ta saurari ƙarar kafin ta yi tayi, tukwanen Mirya ai ba sai an yi musu talla ba.

Ka ce ko zumunci da gida bai yanke ba. Ina fa zai yanke, ai biki ko suna ko ta'aziyya mota guda muke cikawa mu nufi Kano. Lokacin da aka rufe iyaka a 2023 ne muka ji jiki, ƙanwar babana ta rasu a Fagge ba mu samu jana'iza ba, a waya muka yi gaisuwa, babana ya yi kwana uku a zaure yana karɓar ta'aziyya, kuma mutanen Mirya da ba su taɓa ganinta ba suka cika tabarmi har waje, mata suka riƙa aiko da tuwo da kunu ba wanda ya ce su kawo.

In Allah ya sa ka shigo da babbar salla ka sauka gidana, mu je ƙofar fada ka ga hawa, washegari in kai ka Mirya ka gaida Baba, zai tambaye ka ɗan wace unguwa ne kai a Kano kuma ka shirya, don sai ya lissafo maka dangi har ka gaji.