Shin kwamfuta ta san wasan ces marar kuskure?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina buga wasan ces, wato darar Turawa, a intanet, kuma bayan kowane wasa manhajar takan ba ni maki. Kwanan baya ta ce wasana ya yi daidai da kashi 96 cikin 100. Shin wannan yana nufin na kusa yin wasan da babu kuskure a cikinsa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da wannan maki yake auna shi ne yadda takunka ya zo kusa da wanda manhajar ta fi so, kuma zaɓin manhajar da gaskiyar wasan ba kullum suke abu ɗaya ba.

Babu mai musun ƙarfin kwamfuta. Tun da kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a birnin New York a 1997, tazarar sai ƙara faɗi take yi, har ta kai yau babu ɗan Adam da zai iya ja da manhaja irin Stockfish. Amma fin kowa iyawa daban, sanin ƙarshen magana daban. A hukuncin lissafi, kowane tsayuwar allo ɗaya ne daga cikin uku: fari ya ci, baƙi ya ci, ko a yi kunnen doki. Idan manhaja ta nuna +0.7, wato ƙiyasinta cewa fari yana ɗan kan gaba, ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin ukun ba. Ta leƙa gaba ne iya hangenta, sannan ta yi kirdado.

Akwai wuri guda da kwamfuta take yanke hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa, wato ƙarshen wasa, idan 'ya'yan da suka rage a allo, har da sarakunan biyu, ba su wuce bakwai ba. A 2012 masana a Jami'ar Moscow suka kammala lissafe kusan duk irin waɗannan tsayuwa da babbar kwamfutar Lomonosov, suna farawa daga mutuwar sarki suna komawa baya. Abin da suka tono yana da ban mamaki ƙwarai: akwai tsayuwar da mai sarauniya da soja ɗaya yake cin nasara tilas, amma sai bayan taku 549, hanyar da ko manyan gwanaye ba sa gane dalilin mafi yawan takunta. Ni a ganina wannan ne babban gargaɗi ga mai dogaro da maki, domin idan 'ya'ya bakwai sun ɓoye zurfi haka, me za a ce da 32 da ake fara wasa da su? An ƙiyasta cewa tsayuwar da doka ta yarda da su sun haura 4 mai sifili 44 a bayansa.

Manhajoji kuma suna da makantarsu. Wani lokaci ɗan wasa yakan gina katangar da abokin karawa ba shi da hanyar fasa ta, mutum ya gane kunnen doki ne da kallo ɗaya, ita kuwa manhajar ta dage cewa mai 'ya'ya da yawa ne ke kan gaba. Haka nan a 2006 Matej Guid da Ivan Bratko suka auna zakarun duniya da manhajar Crafty, Capablanca ya zo na ɗaya, masu suka kuwa suka ce salonsa mai sauƙi da tsabta ne ya taimake shi, tunda wasa marar sarƙaƙiya yana rage damar yin kuskure.

Wannan batu ya shafi makinka kai tsaye. Idan abokin wasanka ya zubar da sarauniyarsa tun da wuri, kusan duk abin da ka taka zai samu yabo. Shawarata ita ce ka rage kallon kashi 96 ɗin, ka nemi wuri biyu ko uku da ƙiyasin manhajar ya faɗi warwas, ka mayar da allon can, ka nemi takun da ya fi da kanka kafin ka duba amsarta.