Alƙawarin farkon shekara: abin da na gani a jikina

Ƙanena, ka ce shekara uku ke nan duk Janairu kana ɗaukar alƙawarin rage kilo 10, kafin Maris ka koma gidan jiya, shi ne kake tambaya ko abin yana da amfani. Na ga wasu sun ce maka da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ni ban yarda da su ba. Ka ɗauki alƙawarin, amma ba irin wanda ka saba ɗauka ba.

Ni tela ne, shagona yana unguwar Zango a Damagaram, na fi shekara 25 a kan keken ɗinki. A ƙarshen 2019 ciwon ƙeya ya matsa mini, na je likita aka auna tansiyo, wato ƙarfin gudun jini, aka samu 17/10. Daga 14/9 ake fara kiransa hawan jini. Nauyina kilo 96. Tsoro ya kama ni, Janairu na kamawa na ce na bar sukari, na bar nama, na bar tuwon dare, kuma kullum zan yi gudu. Kwana 19 na yi. Shekarar da ta biyo ma haka, har na fara ganin kamar zuciyata ce ba ta da ƙarfi.

Daga baya na gane inda matsalar take. Kilo 10 ba aiki ba ne da mutum zai tashi da safe ya yi, sakamako ne. In ka hau sikeli bayan mako biyu ka ga bai motsa ba, gwiwarka ta yi sanyi, alhali masana na cewa rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne raguwar da jiki ke ɗauka lafiya.

A Disamba 2022 wata ma'aikaciyar lafiya, Allah ya saka mata da alheri, ta yi mini tambaya guda: "Baba, sau nawa ake ɗora shayi a shagonka?" Sau uku a yini, kowane zama na fari, na biyu, na uku, kuma ka san na ukun nan kusan ruwan sukari ne zalla. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba kada ya wuce kimanin giram 50 na sukari a yini, in ya tsaya a 25 ya fi, wato ƙaramin cokali shida. Ni kafin azahar na wuce wannan, ban ma lissafa wanda ake zuba mini a fura ba. A nan na yi alƙawari biyu kacal: shayi zama ɗaya a yini, bayan la'asar, sannan in an sallame asuba ba zan koma shimfiɗa ba, zan taka daga Zango zuwa ƙofar fadar Sarki a Birni in dawo. Wajen minti 40 ke nan. Kwana biyar a mako ya haura minti 150 da ake so mutum ya motsa jiki.

Abin da ya riƙe ni shi ne na ɗaura tafiyar a jikin sallar asuba, wadda da ma ba ta wuce ni. Ba sai na yi shawara da zuciyata kowace safiya ba.

Janairu kuwa, a garin nan, lokaci ne mai kyau na farawa, ba don sabuwar shekara ba, don hunturu. Ka sa rigar sanyi, ka rufe hanci saboda ƙura, ka yi tafiyarka ba gumi. Jarrabawar tana Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, dare bai barin mutum barci, asuba ta yi jiki duk a mace. Wanda bai saba tun cikin sanyi ba, da wuya ya ƙetare bazara. Sai azumi. Na 2023 ya kama a ƙarshen Maris, tsakiyar zafi, kuma a nan na yi tuntuɓe. Mutane na zaton azumi na rage ƙiba, amma dubi abin da muke sha ruwa da shi: ƙosai, fanke, kunu da sukari, lemun kwalba mai sanyi, a bi da shinkafa. Na fito da ƙarin kilo biyu, tafiya kuma na yi wata guda ban yi ba. A da, da na ce alƙawari ya karye, sai wata shekara. Wannan karon kwana uku bayan Salla na koma hanya. Duk bambancin da ke tsakanin shekarun da na kasa da wadda na dore, wannan komawar ce.

Akwai abin da ba ka ambata ba, kuma yana da nauyi: tukunya ba a hannunka take ba. Sai da na zauna da uwargida na gaya mata abin da likita ta ce, cewa gishirin yini duka kada ya kai giram 5, ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi ma gishiri ne. Ta rage a hankali, ta ƙara daddawa, ta yawaita dambun zogale da miyar kuka, yara ma ba su lura ba. Tuwon hatsi ban bar shi ba, malmala biyu ce ta koma ɗaya. Ka yi wa iyalinka bayani cikin mutunci, kada ka dawo gida da doka.

Ka kuma shirya wa bakin mutane. Mu nan ƙiba alamar hutu ce, da ka faɗa kaɗan za a tare ka a kasuwar Dole a ce, "Lafiya kuwa? Ko ciwo kake?" Wannan tunanin ne ke sa 'yan matanmu sayen ƙwayoyin ƙiba a hannun masu talla, abin da ke ci mini rai matuƙa, don wasu daga cikinsu suna jawo hawan jini da ciwon sukari.

Yau kilona 88. Cikin shekara ɗaya da rabi na sauko nan, na kuma tsaya. Ban kai goman ba, amma rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki ma yana sauko da tansiyo da sukarin jini. Tansiyona yana 13/8, da magani, kuma ban taɓa ajiye maganin da kaina ba. Kai ma in an ɗora ka a kai kada ka ajiye don ka ga ka rame.

Kafin ka yi alƙawarin bana, je a auna maka tansiyo da sukari da safe ba ka ci komai ba. In sukarin ya kai giram 1.26 a lita, a sake aunawa, maganar ta zama ta likita. Sannan ka zaɓi abu ɗaya ko biyu da za ka iya yi ko ranar da ɗinki ko aikin ofis ya sha maka kai. Mu huɗu ne yanzu muke tafiyar asuba, biyu daga cikinmu sun girme ni. In kana cikin gari ka yi mini magana ta gefe, sai mu biyo ta unguwarku.