Filin Tambaya da Amsa: Sosej marar nama, wanne ya fi?

Wasiƙu uku muka ɗauko a wannan makon, kuma duka a kan abu ɗaya suke, wato sosej ɗin da ake yi ba da nama ba. Ta farko ce ta fi cin wuri, domin a cikinta ne aka fi buƙatar bayani.

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni ɗaliba ce a wani ƙaramin gari a Ingila, kuma shagon da ake sayar da naman halal yana da nisa da inda nake zaune. Abokan zamana sun ba ni shawarar in riƙa sayen sosej marar nama a kanti, amma da na je sai na tarar da iri-iri, wasu an rubuta musu Vegetarian, wasu kuma Vegan. Mene ne bambancinsu, wanne ne ya fi daɗi a ganinki, kuma ko duk wanda babu nama a cikinsa ya halatta gare ni?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Bari in fara da kalmomin nan biyu, domin a kansu sauran maganar ta rataya. Abin da aka rubuta wa Vegetarian babu nama ko kifi a cikinsa, amma yana iya ƙunsar ƙwai, madara ko cuku. Wanda aka rubuta wa Vegan kuwa babu komai da ya fito daga dabba a cikinsa, har zuma ba a sakawa. Ƙungiyar masu barin cin nama ta Ingila tun 1847 aka kafa ta, sai a 1944 wani mutum mai suna Donald Watson da abokansa suka ware, suka ƙirƙiri kalmar Vegan domin waɗanda suka bar ƙwai da madara su ma. Saboda haka ƙasar da kike ciki ta daɗe da wannan al'ada, shi ya sa kika ga firjin kantin cike da zaɓi.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, sunan kamfani bai kai abin da aka yi sosej ɗin da shi muhimmanci ba. Idan kin juya bayan kwalin kika karanta abu na farko da aka lissafa, kin riga kin san yadda zai kasance a baki da kuma irin girkin da zai karɓa.

Akwai na waken soya, kuma shi ne ya fi yawa. Wanda aka fi sani shi ne na kamfanin Linda McCartney, wanda aka fara sayar da kayansa a 1991. Ana cire man waken ne, a sarrafa abin da ya rage da zafi da matsi har ya yi zare-zare kamar tsoka, sannan a jiƙa shi a haɗa da kayan ƙamshi. Irin wannan yana da jiki, ba ya saurin wargajewa, kuma idan kika yanka shi ƙanana kika soya sama-sama kafin ki zuba a miyar tumatir, zai sha miyar ya fito da siffarsa. A dafa-duka ko taliya ban ga wanda ya kai shi ba. Rauninsa shi ne ba shi da maiƙo sosai, don haka idan aka bar shi ya daɗe a tanda sai ya bushe. Richmond, kamfanin da aka sani da sosej ɗin naman alade, shi ma ya fito da nasa marar nama a 2019, daga waken soya da alkama, kuma ya fi wancan laushi da santsi, domin an yi shi ne ya yi kama da sosej ɗin da Turawan Ingila suke karya kumallo da shi.

Sai kuma Quorn, wanda labarinsa ya bambanta da na sauran. Ba daga wake ake yin sa ba. Wata ƙwayar halitta ce dangin naman kazar nan da yake tsirowa a ƙasa da damina, wadda aka samo a cikin ƙasa a yankin Marlow na Ingila a shekarun 1960, ake renonta a manyan tankuna tana cin sukari tana yin zare, kuma a 1985 aka fara sayar da ita a matsayin abinci. A nan ne bambancin kalmomin nan biyu yake fitowa fili, domin da farin ƙwai ake haɗa yawancin kayan Quorn su kama jiki, shi ya sa za ki ga an rubuta musu Vegetarian. Waɗanda aka rubuta wa Vegan a cikinsu da furotin ɗin dankali aka maye gurbin ƙwan. Ɗanɗanonsa ba mai ƙarfi ba ne, yana da laushi kamar tsokar ƙirjin kaza, kuma yana buƙatar ki taimaka masa da albasa da attarugu. Akwai mutane kaɗan da cikinsu ba ya karɓar sa, saboda haka ki fara da kaɗan a karon farko. Idan kin taɓa cin nannaɗaɗɗen sosej marar nama na shagunan Greggs, wanda ya fito a watan Janairu na 2019 ya jawo ka-ce-na-ce a ƙasar, to kin riga kin ɗanɗani Quorn, domin shi ne a cikinsa.

Na uku shi ne na koren waken nan da ake kira fis, kuma Beyond Meat na Amurka, wanda aka kafa a 2009, shi ne ya yi fice a kansa. Wannan ne ya fi kusa da nama. An sa masa man tsirrai a ciki, wanda yake narkewa a kan wuta ya tsatso kamar kitse, kuma fatar da aka tura shi a ciki daga ciyawar teku aka yi ta, a maimakon hanjin dabba da aka saba amfani da shi. Ranar da na fara gasa shi a kasko, na tsaya ina kallon yadda fatar take yin ja tana tsagewa, man yana ƙara a ƙasa, sai na barbaɗa masa yajin tsire na yanka albasa a kai, kuma a gaskiya na ji daɗinsa ƙwarai. Sai dai ya fi sauran tsada, kuma dole a ci shi da zafinsa. Dalili kuwa shi ne sinadarin da ake ɗaure yawancin sosej na Vegan da shi, wanda za ki ga an rubuta methylcellulose, yana da wata ɗabi'a ta daban: zafi ne yake sa shi ƙarfi, idan ya huce sai ya saki. Na taɓa yin kuskuren soya wani iri tun da safe na tafi da shi a kwano domin abincin rana, da na buɗe sai na tarar ya yi laɓo-laɓo, ko kusa bai kama ƙafar yadda yake a kan wuta ba.

Akwai kuma na alkama, wanda ake yi da danƙon da yake saura idan an wanke kwaɓin fulawa. Kamfanonin Amurka irin su Field Roast da Tofurky sun fi yin amfani da shi. Yana da tauri, sai an tauna, kuma yawanci an cika shi da kayan ƙamshi. Wanda cikinsa ba ya ɗaukar alkama ya nisance shi, ya kuma lura cewa yawancin na waken soya ma akwai alkama a cikinsu.

Kin tambayi wanda na fi so. Idan miya ce ko shinkafa, na waken soya nake ɗauka, idan kuma gashi ne, na fis. Amma wanda ya fi kwanta mini a rai ba ya cikin waɗannan, shi ne sosej ɗin Glamorgan na yankin Wales, wanda aka san shi tun ƙarni na 19 kuma ya ƙara yaɗuwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da nama ya yi wuya. Cuku ne irin na Caerphilly, da wata albasa mai dogon ganye, da garin burodi da ƙwai, a mulmula a soya. Ba ya ƙoƙarin ya zama nama, bayansa yana da ƙaras-ƙaras kamar ƙosai mai kyau, cikinsa kuma cuku ne narkakke. Tunda ba ki bar ƙwai da madara ba, ina ba ki shawarar ki neme shi ko ki yi da kanki, domin kayan haɗinsa ba su fi biyar ko shida ba.

Yanzu ga ɓangaren da na fi damuwa da shi. Rashin nama a cikin abu bai isa ya zama hujjar halacci ba, domin masu tambarin Vegan dabba suke gudu, giya ba ta cikin lissafinsu. Sosej ɗin Field Roast mai ɗanɗanon Italiya yana da jan ruwan inabi mai sa maye a jerin kayan haɗinsa, na Tofurky mai suna Beer Brats kuma da giya ake haɗa shi, kamar yadda sunan ya nuna, kuma su kansu kamfanonin ba su ɓoye ba, a rubuce yake a jikin fakitin. Don haka ki duba ko akwai kalmomin wine, beer, ale ko cider. A wajen mai cuku kuma, ki tabbata an rubuta Vegetarian, domin wannan yana nufin ba da sinadarin da ake cirowa daga tumbin maraƙi aka daskarar da madarar ba. Akwai ma batun suna: a 2021 kamfanin Impossible Foods na Amurka ya fito da wani abinci na tsirrai zalla mai kwaikwayon naman alade, amma bai samu shaidar halal ba saboda sunan alade da yake jikinsa. Hukuncin cin abin da aka yi domin ya kwaikwayi ɗanɗanon haram magana ce ta malamai, kuma ina so ki kai ta wurin malamin da kika amince da shi. Idan kin ga tambarin halal na hukumar da aka sani a jikin kwali, wannan ya fi kwanciyar hankali.

Tambaya: Hajiya, mahaifinmu yana da hawan jini kuma likita ya ce ya rage nama. Ko irin wannan sosej zai fi masa?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa, har da sosej, cikin abubuwan da suke haddasa ciwon daji, kuma ta ce cin giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin ciwon dajin hanji da kusan kashi 18 cikin ɗari. Ta wannan fuska marar nama ya fi. Amma matsalar Baba gishiri ce, kuma waɗannan kayan gishirinsu yakan yi kusa da na sosej ɗin nama, alhali hukumar ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. Mai man kwakwa kuma yana da irin kitsen da ake so mai ciwon zuciya ya rage. A dafa masa wake da alayyahu, a ba shi awara da ba a cika mata gishiri da dunƙule ba, sosej ɗin kuma ya zama na marmari, bayan an nuna wa likitansa bayanin da yake jikin kwalin.

Tambaya: Ina Kano, kuma ban taɓa ganin waɗannan a kantunanmu ba. Za a iya yi a gida?

Amsa: Ƙwarai kuwa 'yar'uwa, domin babban abin da ake buƙata yana bakin layinku kowace yamma. Awara ita ce abin da mutanen Sin da Japan suke kira tofu, kuma tana cikin kayan da Tofurky yake haɗa sosej ɗinsa da su. Ki sami ɗanyar awara wadda ba a soya ba, ki naɗe ta a tsumma mai tsabta ki ɗora mata nauyi har ruwan ya tsane sosai, domin ruwa ne yake ɓata aikin. A gefe guda ki kwaɓa fulawa kofi biyu da tauri, ki bar ta ta huta kamar rabin awa, sannan ki wanke kwaɓin a cikin ruwa kina matsawa kina canza ruwan, har ya daina yin fari. Abin da zai rage a hannunki, mai danƙo kamar roba, shi ne zai ba sosej ɗin taunawa.

Ki yayyanka danƙon ƙanana, ki murmushe awarar, ki daka su tare a turmi da soyayyiyar albasa, tafarnuwa, citta, masoro, ɗan kanumfari, garin ƙuli-ƙuli cokali biyu da man gyaɗa cokali biyu. Kada ki manta da daddawa, ko da ɗan kaɗan ce, ita ce za ta kawo zurfin ɗanɗanon da Turawa suke nema da sinadarin yis. Idan haɗin bai kama ba, ki fasa ƙwai ɗaya, ko ki sa garin rogo cokali ɗaya idan ba kya son ƙwai. Ki mulmula shi dogo-dogo kamar kaurin babban yatsa biyu, ki naɗe kowanne tam a ganyen ayaba da aka ɗan gasa ya yi laushi, ki ɗaure bakinsa biyu, ki turara kamar yadda ake turara alala na tsawon minti 40. Idan kin sauke kada ki kwance nan take, ki bari ya huce gaba ɗaya, in da hali ya kwana a firji, domin a lokacin ne yake daskarewa ya yanku. Washegari ki soya shi a mai kaɗan kina juyawa har kowane gefe ya yi ja, ki barbaɗa yaji, ki kawo shi da yankakken kabeji da tumatir. Wanda ya rage ki ajiye a firji, kuma kada ya wuce kwana uku.