Likita, ya zan gane tarin yarona ya zama limoniya?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, ɗana watansa 8, tun shekaranjiya yake tari da mura, daren jiya kuma naga numfashinsa yana sauri-sauri. Kakarsa tace sanyin hunturu ne a shafa masa man zafi. Ya zan gane ko limoniya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam maman yaro, Allah ya ba shi lafiya. Abinda muke fara yi a asibiti tun kafin mu ɗora abin sauraron ƙirji, kema zaki iya yinsa a gida. Ki bari ya nutsu, ba lokacin da yake kuka ko shan nono ba, ki ɗaga rigarsa, ki buɗe agogon wayarki ki ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti ɗaya cif, kar ki ƙirga rabi ki ninka don numfashin jarirai baya tafiya daidai. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda bai kai wata 2 ba in ya kai 60 yayi sauri, daga wata 2 zuwa 11 kuma 50, shekara 1 zuwa 5 kuwa 40. Naki in ya kai 50 ki kai shi asibiti yau ɗin nan.

Sai ki kalli ƙasan haƙarƙarinsa sosai, wannan ne iyaye suka fi tsallakewa. In duk jan numfashin da zai yi wurin yana lotsawa ciki, ko hancinsa na bubbuɗewa, ko yana nishi, wallahi ba batun man zafi bane. Mu baƙaƙen fata ba a saurin ganin canjin launi a fata, harshe da cikin leɓe ake dubawa.

Idan ya ƙi nono, yana amai da duk abinda ya sha, yana jijjiga ko ya kasa farkawa, ko tsakar dare ne ku tafi. Can za mu maƙala masa ƴar na'urar auna iska a yatsa, in ta nuna ƙasa da 90 sai an sa masa oksijin.

Maganin tari na kemis baya warkar da limoniya, likita ne zai duba ko yana buƙatar amoxicillin. Kuma in akwai babba a gidan da ya wuce sati 2 yana tari, shima yaje ayi masa gwajin tibi, kyauta ne a asibitocin gwamnati.