Ginshiƙan gadar jirgi sun tsaya ba a ɗora komai a kai ba: aikin ya mutu ne?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Damagaram, ina zuwa Kano ta Matamaye da Daura. Na ga ginshiƙan gadar jirgin ƙasa tsaye wata da watanni babu komai a kansu. An watsar da aikin ne? Kuma za a iya yanko mana reshe zuwa Zinder?

Amsa: Alhaji, ginshiƙi tsaye ba shaidar watsi ba ce. Layin da kake gani shi ne na Kano zuwa Maradi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke ginawa, tsawonsa kusan kilomita 284.

Rabin wahalar gada a ƙarƙashin ƙasa take. Ana haƙa ramuka masu zurfi, a zura kwandon rodi, a cika da kankare, su zama turaku. A kansu ake zuba tushe, sannan ginshiƙi. Kowane zubi ana ɗibar samfurinsa a murƙushe a injin gwaji bayan kwana 7 da bayan kwana 28. In bai kai ƙarfin da aka tsara ba, ba a ɗora masa nauyi, wani lokaci sai an fasa. Zafinmu da iskar hunturu ke jawo wannan: ruwan kankare ya gudu kafin ya nuna, fuskarsa ta tsattsage kamar bakin tafki da rani. Shi ya sa ake zubi da dare, a lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna.

Dogayen sassan da za su hau kan ginshiƙan kuwa ba a wurin ake yin su ba. A wani fili ake zuba su, a ɗaure wayoyin ƙarfe na cikinsu da ƙarfin inji, a jira layin ginshiƙai ya kammala, don ba a kawo babban injin ɗaga kaya saboda sashe ɗaya. Tsakanin sashe da ginshiƙi ana sa matashi na roba da ƙarfe, domin sashe mai mita 30 yana miƙewa kusan santimita ɗaya tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin azahar na bazara. Wurin da ya fi ba da ciwon kai shi ne bakin gada, inda cikon ƙasa ya haɗu da kankare. Dole a daddaɓe shi hawa-hawa, santimita 20 zuwa 30, in an yi gaggawa damina ɗaya ta isa ya lotsa. In kana son sanin ko aiki na tafiya, duba ko motocin kankare da na tsakuwa na zirga-zirga, ko rodin da ya leƙo saman ginshiƙi an rufe shi ko an bar wa tsatsa.

Batun reshe: kwangilar a Maradi ta tsaya, reshenta kuma Dutse ya nufa. Mahaɗa, wato inda reshe ke rabuwa da babban layi, tana son fili miƙaƙƙe marar gangara, da ƙarfen juya layi, da sigina mai kulle hanya ɗaya in an buɗe ɗayar. Sai faɗin dogo ya zo ɗaya: wannan milimita 1,435 ne, na Yamai zuwa Dosso 1,000, ba sa haɗuwa. Mahaɗar ma ita ce mai sauƙin. Babban aikin shi ne, daga Maradi zuwa Zinder kusan kilomita 240 ne na sabon dogo.