Mu a Gadarif, hadarinmu daga Habasha yake tasowa

Ɗan'uwa, ka ce an faɗa maka a Kano wai mu Hausawan Sudan mun bar duban sama, sai duban waya. Wanda ya ba ka labarin ya ƙara gishiri, amma da ƙamshin gaskiya a ciki.

Sai ka fara sanin ƙasar tukuna. Nan Gadarif baƙar laka ce, ba jigawa irin taku ba. Da rani ta tsage, da ruwa ya sauka kuwa ta riƙe ƙafa, ta riƙe tayar tarakta. Gonakin dawa da riɗi kuma nesa suke da gari, wasu faddan ɗaruruwa a haɗe (faddan shi ne ma'aunin gona a nan). Wanda ya fita da babbar mota da ma'aikata ruwa ya tare shi a hanya, kwana ya same shi a daji. Shi ya sa sanin abin da zai faru zuwa dare ya fi mana komai.

Hotunan da samarinmu ke buɗewa na tauraron ɗan'adam ne, Meteosat, na hukumar Turai mai hedkwata a Darmstadt ta Jamus. Yana can sama wajen kilomita 36,000, yana juyawa daidai da juyawar duniya, don haka kullum fuska ɗaya yake kallo. Duk minti 15 sabon hoto, sabon tauraron da aka harba a 2022 ma minti 10. Ba hoto ɗaya ake kallo ba, jera su ake yi a ga tafiyar girgije. Bayan azahar za ka ga fararen dunƙule suna tohowa a kan duwatsun Habasha, gabas da mu, suna kumbura, su nufo yamma. Zafi na'urar take aunawa, shi ya sa ko da dare tana gani: girgijen da ya fi tsawo kansa ya fi sanyi, a hoto ya fito fari fat, kuma shi ne mai tsawa da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Akwai wani launin da ƙura ke fitowa ja-ja, da shi ake gane habub, guguwar ƙasar nan da ke mai da rana dare.

Inda abin ya fi amfani lokacin yankan riɗi ne, wajen Oktoba. Ka san riɗi ba shi da haƙuri. An yanka, an jingine dammuna su bushe, iska mai ƙarfi ko ruwan ƙarshen kharif, wato damina, ya faɗo, ƙwaya ta zube ƙasa, wahalar shekara ta tafi. Idan yaro ya ga dunƙule ya taso, sai ya yi wa mutanen gona saƙon murya a WhatsApp, da Hausa, a kaɗe abin da ya bushe kafin magariba.

Ranar shuka kuwa, har gobe ta dattawa ce. Su ne ke tona ƙasa su ga iya inda laima ta kai, su dubi iska, a yi addu'a. Ni a ganina hakan daidai ne, domin awoyi hoton yake faɗa maka, ba damina ba, kuma ba kowane farin girgije ke zubar da ruwa a gonarka ba. Na sha ganin ya ratse ya yi kudu.

Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 intanet ɗin ma ba kullum ba, wani lokaci a yanke shi kwana da kwanaki. A irin wannan lokaci 'yan'uwanmu da ke Saudiyya ne ke duba hoton, idan layi ya samu su bugo su ce hadari na nan tafe.