Sirrin uwa da kariyar ɗa: amsa ga mai bincike

Wata mai bincike ta rubuto cewa za ta yi hira da iyaye mata waɗanda mazajensu ke cin zarafinsu, tana tambaya: idan uwa ta bayyana cewa dukan ya kai ga yaranta, doka ta tilasta kai rahoto ne, ko alƙawarin sirri ne a gaba?

Malama, hukuncin ya danganta da dokar ƙasar da za ki yi aikin. Wasu ƙasashe sun ɗora wajibcin kai rahoton cutar da yaro a kan likitoci, malamai da ma'aikatan jin daɗin jama'a, wasu kuwa a kan kowane baligi, saboda haka ki sa lauyan cibiyarki ya rubuta miki matsayinki kafin hira ta farko. Ki tambaye shi kuma ko ganin da yaro ya yi ana dukan uwarsa, ko da shi ba a taɓa shi ba, ya shiga ma'anar cutarwa, domin a Ingila da Wales dokar 2021 kan cin zarafi a cikin gida ta ɗauki yaron da ya gani ko ya ji a matsayin wanda aka zalunta. Sashe na 19 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 shi ma ya ɗora wa gwamnatoci kare yaro daga kowane irin cin zarafi.

Abin da na fi jaddada miki shi ne kada ki yi alƙawarin da ba za ki iya cikawa ba. Ki faɗa wa kowace uwa, a baki da kuma a takardar amincewa, abin da zai sa ki sanar da hukuma, tun kafin ta buɗe baki. Matar da ta ba da sirrinta bisa amana, ta wayi gari jami'ai na sallama a ƙofarta, an cuce ta, kuma mijin na iya huce fushinsa a kanta da yaran.

Idan kai rahoto ya wajaba, ki fara sanar da uwar, ku tsara tare inda za ta fake da yaran.

Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2001 kan binciken cin zarafin mata a gida sun ce a keɓe a yayin hira. Yaron da ya iya magana kada ya zauna wurin, don yana iya maimaita wa uban abin da ya ji. Kada ki rubuta sunayen yara, domin kotu na iya neman takardunki, kuma ki gabatar wa kwamitin ɗa'ar bincike wannan tsari gaba ɗaya ya amince da shi a rubuce.